Wa Ke da Kasuwa? Tsarin Wuraren Ciniki a Wurno, Rabah da Goronyo daga Zamanin Ribaɗi zuwa Zamanin Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Sakkwato sun fi ba da ƙarfi ga yaƙe-yaƙen jihadi, da jerin Sarakunan Musulmi, da littattafan da Shehu da Abdullahi da Bello suka bari. Ba safai akan tsaya ga ƙananan hukunce-hukuncen mulki na yau da kullum ba, watau irin su inda kasuwa za ta zauna, da ranar da za ta ci, da gefen da za a ware wa mahauta, da wanda zai karɓi kuɗin rumfa. Alhali kuwa a nan ne talaka ya fi yin ido biyu da hukuma. Manomin tafarnuwa na Wurno yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa gurfana gaban alƙali ba, amma da wuya ya kai amfanin gonarsa kasuwa ba tare da an nuna masa inda zai sauke buhunsa, an kuma karɓi wani abu daga hannunsa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan iko a garuruwa uku na gabashin Sakkwato, watau Wurno da Goronyo da ke bisa Gulbin Rima, da kuma Rabah da ke bisa Gulbin Sakkwato. Abin da za a gani shi ne, ikon tsara kasuwa da nauyin tsaron kasuwa a hannu ɗaya suka faro, sa'an nan aka yi ta raba su sannu a hankali, har aka wayi gari ƙaramar hukuma tana riƙe da littafin rasit, alhali ƙasa da 'yan sanda da kuɗi duk suna hannun wasu.

Kasuwa a zamanin ribaɗi

Tun kafin a ci ƙasa, shugabannin jihadi sun sa kasuwa cikin abubuwan da suke kuka da su. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa ɗabi'un sarautun Haɓe waɗanda ya ce sun saɓa wa shari'a, ya kuma kawo wasu da sunayensu na Hausa. Akwai tawasa, watau naman da mai kula da kasuwa yake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, akwai kuma agama, watau ɗiban auduga da sauran kayayyaki daga hannun masu sayarwa. Ga mai nazarin harshe wannan wuri yana da amfani ƙwarai, domin ya adana mana kalmomin mulkin kasuwa na farkon ƙarni na 19. Ga mai nazarin tarihi kuwa ya nuna cewa gardamar abin da ya halatta hukuma ta karɓa a kasuwa ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba.

Hani kaɗai ba ya gina gari. Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya bayyana abin da ya wajaba shugaba ya yi. Daga ciki akwai kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, da rarraba su cikin garuruwa gwargwadon bukatar kowane gari, da gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. In an lura, wannan shi ne abin da ma'aikatan zamani suke kira tsara gari, sai dai shi Bello bai raba shi da maganar ganuwa ba. A wurinsa kasuwa da hanya da ganuwa aiki ɗaya ne na shugaba ɗaya.

Da ya zama Sarkin Musulmi a 1817, sai ya sami filin aikata abin da ya rubuta. Arewa da gabashin Sakkwato a buɗe suke ga hare-haren Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, saboda haka ya shiga kafa ribaɗoɗi, watau garuruwan tsaro masu ganuwa a bakin iyaka, yana ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu, yana kuma jawo Fulani makiyaya su zauna su yi noma da sana'a. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, ya tarar Bello yana yawan zama a Magariya. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1820, ya kafa Wurno bisa tudun da ke duban fadamar Rima, nan kuma ya rasu a 1837, shekara guda bayan nasarar Gawakuke. Shinaka, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Goronyo, da Gandi ta ƙasar Rabah, suna cikin wannan jeri. Ita Rabah an san ta da ɗansa Abubakar, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, har ana kiransa Abubakar na Rabah.

Bayani mafi fili da muke da shi game da kasuwar Wurno ta wancan zamani ya zo ne daga Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu. Ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma sake biyowa ta nan a 1854. Ya tarar kasuwar ba cikin gari take ba. Tana wani fili ne a gaban ƙofar arewa maso yamma, an kuma kewaye ta da gwalalo, saboda tsoron kada abokan gaba su auka wa 'yan kasuwa ba zato.

Wannan ɗan bayani ya cancanci a tsaya a kansa. A Kano, Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa a tsakiyar birni take, ganuwa ta rufe ta tare da gidajen fatake da masaukansu. A Wurno kuwa, garin da Sarkin Musulmi kansa yake zaune, an fitar da kasuwa waje. A ganina dalilin bai wuce halin ribaɗi ba. Ranar kasuwa rana ce ta baƙi, ba wanda zai iya tantance mai sayen gero da ɗan leƙen asiri, don haka gari na bakin daga ba zai buɗe musu ƙofa su kwararo ciki ba. To amma wanda ya ce da mutane su zauna waje, shi ne kuma ya haƙa musu gwalalo. Hukuncin wurin zama da ɗaukar nauyin tsaro tare suka fito.

A cikin kasuwar kuwa, tsarin da aka sani ko'ina a ƙasar Hausa bai dogara ga takarda ba. Kowace sana'a da layinta, kowane layi da shugabansa. Sarkin Kasuwa ke raba wuri, Sarkin Fawa ke kula da mahauta, waɗanda Sakkwatawa suke kira rundawa, dillalai suna da nasu babba, masu awo suna da nasu. Kara, watau inda ake cinikin dabbobi, takan koma gefe inda akwai fili. Majema sukan yi nesa saboda wari, marina sukan bi ruwa, fatake kuma zango ne masaukinsu. Bisa waɗannan duka shari'a ta tanadi muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni da hana algus. Kalmomin kansu suna nuna yadda Bahaushe ya ɗauki al'amarin. Akan kafa kasuwa, ta ci, ta cika, ta watse, wani lokaci ta mutu. Ba a kuwa kafa ta sai da iznin mai ƙasa.

Zamanin En'e

Ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya zauna Wurno, ya riga ya rasu a 1902, daga nan kuma mazaunin sarauta ya tabbata a Sakkwato. Wurno, wadda ta yi shekaru tana karɓar wasiƙun sarakuna da ayarin gaisuwa, sai ta koma hedkwatar gunduma kamar Rabah da Goronyo. An hana cinikin bayi, kuɗin wuri ya fara ba da wuri ga sule da kwabo, harin Gobirawa kuma ya ƙare, gwalalo ya zama ba shi da aiki.

Abin da ya maye gurbin tsaro a tunanin hukuma shi ne kuɗin shiga. Turawa sun umurci masu riƙe da gundumomi su bar birni su zauna cikin ƙasarsu. A nan ya kamata a tuna wa mai karatu na gabas cewa wanda Bakano yake kira hakimi, Basakkwace uban ƙasa yake ce masa, hakimi kuwa a Sakkwato yana ƙarƙashin uban ƙasa ne. Wajen 1911 aka fara kafa baitulmali a lardunan Arewa, aka yanka wa masu sarauta albashi, haraji da jangali suka zama ginshiƙin En'e. Dokar ƙasa ta 1910 kuma ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa.

A wannan zamani ne aka fara tsara wuraren ciniki bisa takarda, harshen Hausa kuwa ya riƙe shaidar haka. Kalmar fuloti ta shigo ne daga filayen da hukuma take aunawa ta ware don sayen gyaɗa da auduga, kanti daga shagunan kamfanonin Turawa, kwata ta zama sunan wurin yanka da aka keɓe, lasin kuma ya zama abin da mai sana'a zai nuna. Aka sami duba-gari mai binciken tsabta, da malamin fata mai koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya ta a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin al'amari ba ne a lardin Sakkwato, domin fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin mafi daraja a kasuwannin Ingila. Ke nan rumfar shanya fata da aka gina a gefen wata kasuwar ƙauye tana da alaƙa da masana'antar safar hannu da ɗaurin littattafai a Turai, ko da mahaucin bai sani ba.

Sai dai babban hukuncin da ya sauya ciniki a wannan yanki ba a majalisar Sarkin Musulmi aka yanke shi ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, ba ta ƙaraso Sakkwato ba. Kamfanoni da injin gurzar auduga suka taru a Gusau. Garuruwan Rima da na Gulbin Sakkwato suka zauna a matsayin kasuwannin mako, masu tara hatsi da dabbobi da fata da albasa, ana kwasa ana kaiwa wani wuri.

Rabah ta ba mu misalin irin mutumin da yake gudanar da waɗannan ayyuka. Ahmadu Bello, jikan Abubakar na Rabah, a garin aka haife shi. Bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, sa'an nan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, ya riƙe gundumar har 1938 lokacin da aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. Aikin uban ƙasa a lokacin ya haɗa ƙidayar masu haraji, da bin Fulani don jangali, da gyaran hanya, da kula da rijiyoyi da kasuwanni. Mutum ɗaya ne yake aunawa, yake karɓa, yake kuma aika ɗan doka. Cewa kuɗin shiga shi ne zuciyar tsarin, shari'ar da aka yi masa a 1943 ta isa shaida, domin a kan jangali aka tuhume shi, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi a Zariya. Bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e gaban Majalisar Arewa a 1950, wannan tsohon uban ƙasa na Rabah shi ne ya zama Ministan Ƙananan Hukumomi, a ƙarƙashinsa kuma aka yi Dokar En'e ta 1954, aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka ba su ɗan kaso don ƙananan ayyuka irin su rumfunan kasuwa.

Ba a yabon En'e a rufe ido ga zaluncin da aka yi da sunanta, wanda 'yan NEPU suka sha ɗauri saboda faɗarsa. Abin da nake nunawa kawai shi ne, har zuwa wannan lokaci mai raba wuri a kasuwa yana da 'yan doka da alƙali da gidan yari a bayansa. Ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundi za su sami taska a fayilolin lardin Sakkwato da ke Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, da kuma Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Rahoton rangadin Di'o ba shi da daɗin karatu kamar labarin yaƙi, amma a cikinsa ake ganin mulki tsirara.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

Rarrabuwar ta fara ne a zamanin soja. Daga 1967 zuwa 1970 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, kotuna suka koma ga jiha, sauran ga tarayya. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka yi babban gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. Adadin ya yi ta ƙaruwa har ya kai 774, yau kuma Wurno da Rabah da Goronyo kowace ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta cikin 23 na jihar.

A bisa takarda ba a rage musu kome ba game da kasuwa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, kamar na 1979, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafawa da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da makewayi na jama'a, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da na burodi, da sa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Dokar haraji ta 1998 ta ba ta kuɗin kasuwa da na tasha da na kwata, amma ta togace kasuwar da jiha ta zuba kuɗi a cikinta. Wannan togaciya kaɗai ta isa ta nuna inda aka nufa.

Maganar ƙasa ta fi wannan nauyi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna. Shi ke ayyana inda ya zama birni, a can kuwa shi kaɗai ke ba da takardar mallaka. Ƙaramar hukuma tana iya ba da iznin zama na gargajiya a karkara, har kadada 500 don noma da 5,000 don kiwo, amma gwamna yana da ikon ba da tasa takarda ko a karkarar ma. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma, sai kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Kuɗin da ke zuwa daga tarayya kuwa, sashe na 162 ya bi da su ta asusun haɗin gwiwa da jiha.

Haka kuma manyan abubuwan da suka sauya kasuwannin wannan yanki daga sama suka sauko. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, mai ɗaukar ruwa fiye da mita mai kusurwa miliyan 900, aikin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce, watau ta tarayya. Ita da aikin noman rani na Wurno sun bunƙasa shinkafa da albasa da tafarnuwa, suka jawo manyan motoci daga Kudu. Hanyar mota ta ja ciniki daga gindin ganuwa zuwa bakin kwalta, shi ya sa Acida, wadda ke kan hanya, ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin ƙasar Wurno. Shaguna da gidajen mai suna bin titi, ƙaramar hukuma tana biye da su da rasit. Rabon wuri na yau da kullum kuwa har yanzu Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su ke yin mafi yawansa, kamar yadda aka gada. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ɗan kasuwa yana da hujja in ya tambayi inda kuɗin rumfarsa ya tafi, shugaban ƙaramar hukuma shi ma yana da hujja in ya ce an ba shi lada an riƙe askar.

Shekarar 2021

Rashin tsaron da ya taso daga Zamfara ya shigo wannan yanki da ƙarfi a Yulin 2018, lokacin da aka kai hari Tabanni ta gundumar Gandi a ƙasar Rabah, aka kashe mutane da dama. A farkon Satumban 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan wani umurni na tsaro wanda ya rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ya hana sayar da man fetur a jarka, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Wurno da Rabah da Goronyo. Hujjar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar sayar da shanun sata da sayen mai. Daga baya cikin watan aka katse layukan waya a yankin. Hukuncin kasuwa mafi girma da aka yanke a waɗannan garuruwa cikin shekaru masu yawa, daga Gidan Gwamnati ya fito, bai bi ta zauren majalisar ƙaramar hukuma ba, ko da yake kara tana cikin manyan hanyoyin kuɗin shigarta.

Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021, kasuwar Goronyo tana ci, 'yan bindiga suka auka mata. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43 aka kashe. Irin abin da aka haƙa wa gwalalo a Wurno tun kafin zuwan Barth ke nan, ya faru a bakin gulbi ɗaya, a kasuwar da ke da mai karɓar kuɗin rumfa amma ba ta da mai tsaronta.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, ko da an aiwatar da shi kuwa maganar kuɗi kaɗai ya taɓa. Ƙasa tana nan hannun gwamna bisa dokar 1978, wadda sashe na 315 ya ɗaure cikin tsarin mulki, 'yan sanda kuma sashe na 214 ya sa su hannun tarayya. Rundunar tsaron al'umma da aka ƙaddamar a Sakkwato a 2024, wadda aka ɗebi matasanta daga irin waɗannan garuruwa, ita ma gwamnatin jiha ce ta kafa ta, ita take kuma ba ta umurni.